Keken Telan Legas

Shekarar yunwa ce, wadda aka koro 'yan Gana daga Najeriya. Baba ya tafi da ni unguwar Aboabo, nan Gana, wurin wani tela da ya dawo daga Legas ba shi da komai sai keke. Tsohon keken tsere ne, kore, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Akuyar Mma, mahaifiyata, aka sayar dominsa, don Baba ya riƙa sayo nono a ruga. Baba ya ƙwanƙwasa ƙarfen da makulli, ya kasa kunne, ya biya.

Sai telan ya ce, "Malam, bar ni in zagaya da shi sau ɗaya."

Baba ya miƙa masa. Ya hau, ya sha kwana, ya ɓace. Na ja rigar Baba.

"In bai dawo ba fa?"

"Bankwana yake yi. Kada ka katse shi."

Har inuwa ta juya muna tsaye. Can sai ga shi yana turo keken a ƙasa. Ya goge sirdin da hannun rigarsa, ya tafi bai waiwaya ba.

Keken yana ɗakina har yau. Masu saye suna zuwa. Ni ne ban shirya wa zagayen bankwana ba.