Beben Gado na Tara

"Horon sati shida!" Tsohuwar nas ta taɓe baki, tana hararar sabuwar mataimakiyar da aka turo mata sashen masu taɓin hankali a Kumasi. "Ko dakan fufu ba a ƙwarewa a sati shida."

Ta nuna mata dattijon gado na tara, wanda ita da hannunta ta rubuta masa "bebe" shekara huɗu da suka wuce. "Je ki gwada iliminki."

Mataimakiyar ko takardarsa ba ta duba ba. Tsagar fuskarsa ta gani, ta gane ɗan ƙabilar Dagomba ne, ta durƙusa ta gaishe shi da yarensu.

Dattijon ya ɗago, ya yi magana.

"Me ya ce?" in ji tsohuwar nas.

"Mama, cewa ya yi, wai ashe akwai mutane a gidan nan?"