Wayar Da Ta Yi Shiru

Zauna, Sallau. Tunda ka ce ɗan kwangila ya kira ka aiki, ba za ka tsaya ƙarshen horo da jarrabawa ba, bari in ba ka misali.

An yi wani mutum da ya shiga makarantar koyon gano abin da ke binne a ƙasa, wayoyin lantarki da bututan ruwa, don kada masu haƙa su sare su. Kansa na ja ƙwarai. Tun a makonnin farko ya iya riƙe na'ura, yana tafe da ita sannu a bisa ƙasa, in ta zo kan waya ta yi ƙara, ya shafa jan fenti a wurin. Da ya ga hannunsa ya faɗa, sai ya ce sauran karatun surutu ne, takardar shaida kuwa ba ita ke gano waya ba. Ya sayi na'ura ta hannu, ya bar makaranta. Abin da bai zauna ya ji ba shi ne, yadda yake aiki da na'urar, ba wayar take ji ba, wutar da ke gudu a cikinta take ji. In an ɗauke wuta, waya kan kwanta shiru kamar kububuwa a yashi, sai an jona mata wani ɗan akwati mai tura sigina kafin ta nuna kanta.

Wata rana aka kira shi ya duba inda za a haƙa kwalbati a bayan kasuwa. Tun safe babu wuta a unguwar. Ya bi layin ya dawo, na'ura ba ta ce uffan ba, ya ce wa leburori su shiga. Cikinsu har da mijin ƙanwarsa, wanda shi da kansa ya samo masa aikin. Rami ya kai ƙugu, ruwa ya tsattsafo har idon sawu, sai digar mijin ƙanwar ta kafe a wani abu. Ya ja, ta ƙi fitowa. Ya sunkuya ya share laka da hannu, sai ga baƙar waya mai kaurin damtse, bakin diga ya huda ta ya shige. Mai na'ura na tsaye a bakin rami, ya gane wayar lantarki ce. Na cikin ramin bai san abin da ya taɓa ba, yana ta jijjiga diga yana dariya, wai saiwa ce mai taurin kai. Can sai mai na'ura ya ji janaretocin ƙasan kasuwa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. An kawo wuta a can, kuma kowa ya sani in ta zo musu, layin nan ne ke biye.

“Saki digar nan ka fito!” Mai na'ura ya daka tsawa. Sauran leburori suka yi tsalle waje. Mijin ƙanwar ya tsaya waigowa ya ji dalili, mai na'ura ya kwanta rub da ciki ya cafki rigarsa yana ja. Ya fito da shi har gwiwa, ramin ya yi wani farin haske da ƙara kamar aradu. Mutumin ya rayu, amma ƙafa ɗaya a asibiti aka bar ta. Shi kuwa mai na'ura, har yau bai sake iya haɗa ido da ƙanwarsa ba.

Da bai san komai ba, Sallau, da ba wanda zai kira shi, da an nemo wanda ya sani. Ɗan abin da ya iya shi ya sa aka yarda da shi. Shi ya sa Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.