Inda Raga Take a Da

Ranar da za ta mayar da makullin shagon, ko ƙofarsa ba ta share ba.

A da, wurin filin ƙwallo ne, a nan Makera. Makanikan Kakuri kan tashi daga aiki su zo su yi gumi, ita kuwa tana gefe da kular kununta, kafin magariba ta sayar tas. Sai ƙungiyar 'yan kasuwa ta gano cewa fili asara ne. Aka zuba kankare, aka jera shaguna, nata ya faɗo daidai inda raga take a da. Ta samu rufi, ta samu ƙofa. Mai ƙishirwa kawai aka manta a gina mata.

Tana ɗaukar kular sai ga tsohon golan makanikan, tumbi a gaba, yana haki.

"Madam, ina zuwa da kaya?"

"Gida, Oga. Kai da ka guji kununa, ina ruwanka?"

"Likita ya hana ni sukari. Wai in riƙa motsa jiki. Na ce a ina, a kan kwanon rufi?"

"To me ya kawo ka?"

Ya nuna da haɓa. A tsakiyar filin, shago ɗaya ne ke da layi: kemis. Ta bi su da kallo. 'Yan wasan ne duka, har alƙalinsu, kowa na jiran maganin hawan jini.

Tun da take, ba ta taɓa ganin sun hallara a kan lokaci haka ba.