Kwarankwatsa a Manfuha

Basiru ya miƙo ledar burodi, ya mayar da ƙofa. "Yau ma sun zo. Kwarankwatsa dubu, har hotonka suke nunawa."

Maikano ya karɓa. Tun ranar da ya goge wani mai keke da motar ɗaukar bulo a unguwar Nasiriya, ya rugo wurin Basiru ɗan garinsu a unguwar Manfuha, ƙafarsa ba ta sake taka titi ba. Basiru ne ya je jin labari, ya dawo da cewa mutumin ya cika, 'yan sanda na nemansa ruwa a jallo. Shi ne kuma ya karɓi iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, wai zai ƙone ta kada a kama shi da ita.

Ɗakin taga ɗaya gare shi, ita ma bango take kallo. Maikano ya rame, kewar 'yarsa Hanifa ta hana shi sakat. Wani lokaci yakan ji an ƙwala daga ƙasan bene, "Ya Maikano!" Sai ya shige bayan katifa yana salati, har Basiru ya sauka ya sallame su.

Maikano bai taɓa zarginsa ba. A garinsu ba a wasa da rantsuwa da kwarankwatsa, kowa ya san wanda ya yi ta kan ƙarya damina ba ta wuce shi da rai. Ga Basiru kuma bawan Allah: ya shigo ƙasar ba takarda yana raɓe-raɓe, yanzu da Allah ya buɗa masa aiki, bai manta da ɗan'uwa ba. Kwarankwatsa dai ta zama kamar gaisuwa a bakinsa, a garin da sai a daɗe ba a ga hadari ba.

Wata Juma'a da la'asar gari ya haɗe. Tsawar farko ta girgiza tagar. Basiru ya saki kofin shayi, ya rarrafo ya riƙe ƙafar Maikano.

"Ka yafe ni, ɗan'uwa. Mai keken nan ko ƙwarzane bai yi ba. Ba mai nemanka."

"To su wa suke kirana a ƙasa?"

Tsawa ta sake faɗuwa. Basiru ya zaro iƙamar daga aljihun gaba, gefenta duk ya koɗe don yawan nunawa.

"Ba kai suke kira ba. A waje, ni ne Maikano."