Maki Biyu Ga Rabilu

Tun da doka ta yarda 'yan gida ɗaya su ba juna maki, ranar sakamakon jarrabawa ta koma ranar roƙo.

Na ci hamsin da biyu a lissafi. Ƙanina Rabilu, da muka zana tare, ya ci arba'in da takwas. Bara daga hamsin kiredit ya fara, kuma ba jami'a sai da shi.

Baba ya tasa mu gaba har ofishin jarrabawa.

"Sa yatsa, Ɗahiru," in ji shi. "Biyun nan miya za ka yi da su?"

"Baba, ba a fa sanar da iyakar bana ba."

"Ni za ka koya wa boko?"

Na dangwala. Kowannenmu ya koma hamsin. A bayanmu layi har titi, duk yayye da ƙanne.

Da la'asar rediyo ya ce masu hamsin sun yi yawa, an ɗaga iyakar zuwa hamsin da ɗaya.

Baba ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya dube ni.

"Da ka dage da karatu, ai da uku ka ba shi."