Samfuran da Yaya Ke Kawowa

Na'urar ɗakin gwajin cututtuka ta sake ba shi amsar da ya fi tsana: samfurin bai isa ba. Mai gwajin ya cire tabarau ya dafe goshi, takaici kamar ya kashe shi.

Yayarsa ce ke kawo samfuran. Ungozoma ce a ƙaramin asibitin unguwa, inda matarsa za ta haihu yau ko gobe. Wai akwai wata mara lafiya a can da ake zargin ƙyandar biri ce ta kama ta. In ta tabbata, ba zai kai matarsa wurin ba. In kuwa ba ita ba ce, babu hannun da ya yarda da shi kamar na Yaya.

Da farko jini ta kawo. Bai nuna komai ba, dama ƙwayar cutar ba ta daɗewa a jini. Sai ta kawo na maƙogwaro, shi ma bai raba gardama ba. Ya ce a goga auduga a kan ƙurjin, a danna da kyau. Audugar ta zo fes, kamar a riga aka shafa ta.

Abin ya ishe shi. Matar da ta koya masa riƙe allura, yau ita ce goga auduga ya gagara? Ga shi a bakin taga take ajiye akwatin sanyi ta juya, ko gaisuwar kirki babu. Gidansa ma ta daina leƙawa, har matarsa na tambaya ko laifi suka yi mata.

Haƙurinsa ya ƙare, ya kira ta a waya.

"Yaya, don Allah wannan wane irin aiki ne? Ko ɗalibi ba zai kawo min wannan ba. Ki kawo matar nan in ɗauka da kaina, ko kuma ki bar ni in huta."

Ta ce to.

Da hantsi ta iso ita kaɗai. Ya leƙa bayanta, babu kowa.

"Ina mara lafiyar kuma?"

"Sa safar hannu tukuna, auta, ka rufe ƙofa."

Ta zauna a kan kujerar ɗaukar samfuri, ta juya masa baya, ta fara zare mayafi.

"Kada ka kawo min matarka. Audugar kuwa ka yi haƙuri, ƙurajen a tsakiyar baya suke, hannuna bai kai ba."