Jakar da Umma Ba Ta So

Doguwar motar ta tsaya a rabin hanya don fasinjoji su ci abinci. Wata budurwa ta sauko tana miƙa, sai ta gan shi tsaye a bakin but, inda ake zuba kayan fasinja, ya rungume jakarta ta goyo. Telan da ke neman aurenta ne. A babur ya biyo su tun safe, idanunsa sun kaɗa sun yi jawur.

"Umma ta amince," ya ce, bai yarda sun haɗa ido ba. "Amma ta ce sai kin ajiye wannan. Ba ta son suruka mai yawo gari-gari da jaka a baya."

Ta dubi madaurin jakar. Shi ya ɗinke mata shi da jan zare, har yana cika baki cewa ko duwatsu ta zuba ba zai tsinke ba.

"Kai kuma me ka ce?"

Direba ya danna hon.

"Zo mu koma, ma yi magana a gida," in ji telan.

"Na ji ta Umma. Taka nake jira, ban ji ba." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Tunda jakar ce laifina, kai mata ita. Ka ce ina gaishe ta."

Ta hau ba ta waiwaya ba, ta zauna jikin taga. Mota ta tashi.

Dattijuwar da ke gefenta ta taɓo ta. "'Yar nan, kin bar kayanki."

"Jaka kawai ya riƙe, Inna. Ƙafafun suna wurina."